Kana Son Fara Naka? Tambayoyi da Amsoshi kan Kayan Aikin Kafa Sabon Kamfani da Sana'ar Gefe

Waɗannan su ne tambayoyin da nake yawan ji daga ɗaliban jami'a, da masu bautar ƙasa, da matan aure masu sana'a daga cikin gida, da ma'aikatan da albashi ya daina kai su ƙarshen wata. Na amsa su gwargwadon abin da na gani da abin da ya same ni, na fara da na sabon shiga kafin na gangara zuwa masu zurfi.

Ina da wata dabara da nake son mayarwa sana'a. Me zan fara saya?

Kada ka sayi komai tukuna. Littafi da biro da wayar da ke aljihunka sun isa aikin wata na farko. Abin da za ka fara nema shi ne mutum goma da ke fama da matsalar da kake son magancewa, ka je inda suke, ka tambaye su yadda suke yi da ita yanzu da nawa take cin musu. Kada ka ce "idan na kawo kaza za ka saya?", domin Bahaushe yana da kara, zai ce maka "ƙwarai kuwa, Allah ya sa albarka" ko da ba ya so. Amsar da ta fi kowace gaskiya ita ce kafin alƙalami.

Na taɓa ɓata wata shida da wani abokina muna gina manhajar lissafin kaya domin masu shaguna a Kantin Kwari. Ranar da muka kai ta, wani Alhaji mai sayar da atamfa ya karɓi wayar, ya juya ta, ya miƙa wa yaron shagonsa, sannan ya jawo wani dogon littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin tebur ya ce, "Ɗana, lissafin kaya ba ya ba ni wahala. Masu bashin nan da ke Gusau da Maraɗi, su ne ciwon kaina." Da mun zauna da shi tun ranar farko, da mun gina abin tunatar da masu bashi, wanda ma saƙon tes kaɗai zai iya yi.

Mene ne bambancin sana'ar gefe da sabon kamfanin fasaha?

Sana'ar gefe ita ce abin da kake taɓawa bayan aikinka ko karatunka: sayar da turaren wuta ta Instagram, zana wa mutane katin biki, koyar da lissafi ta waya. Burinta ta kawo riba da wuri. Sabon kamfanin fasaha kuwa ana gina shi ne domin ya yi wa dubban mutane aiki ba tare da kuɗin gudanarwa ya ninka daidai da yawansu ba, kuma sau da yawa yakan yi shekaru yana cin jari kafin ya fara biyan kansa. Paystack misali ne: Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200.

Sanin wanda kake yi a cikin biyun yana da amfani, saboda irin rajistar da za ka yi da inda za ka nemi jari sun bambanta, kamar yadda za ka gani a amsoshin rajista da na jari a ƙasa. A ganina mafi yawanmu sana'ar gefe muke buƙata da farko, kuma babu abin kunya a ciki.

Waya kaɗai ta isa, ko sai na mallaki kwamfuta?

Idan saye da sayarwa ne ko hidima, waya ta isa. WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, kyauta ne, yana ba ka damar jera kayanka da hoto da farashi, ka saita amsar da za ta fita da kanta idan kana barci, ka kuma yi wa kowane abokin ciniki alama: wanda ya biya, wanda ake bi bashi, wanda aka tura wa kaya. Canva zai yi maka tambari da hoton talla. Google Forms zai karɓi oda, amsoshin su zuba kai tsaye cikin Google Sheets, inda za ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Idan kuwa rubuta manhaja za ka yi, sai da kwamfuta. Ba lallai sabuwa ba. 'Yar gwanjo mai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) gigabait 8 ta isa farawa. Abin da za ka fi dubawa wajen saye shi ne batir, saboda yanayin wutarmu. Kwamfuta mai sauri da ke mutuwa minti ashirin bayan an ɗauke wuta ba ta kai mai sanyin gudu da ke riƙe caji awa huɗu amfani ba.

Shafin intanet zan buɗe ko manhajar waya?

Mafi yawan lokaci, shafi. Manhaja sai mutum ya yarda ya ƙona datarsa ya sauke ta, ya kuma share hotunan biki domin ya sama mata wuri a waya. Shafi kuwa dannawa ɗaya ne daga saƙon WhatsApp. Ga kuma kuɗin shiga kasuwar manhajoji: Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya, kuma sabon asusun mutum ɗaya sai ya samo mutum 12 sun gwada manhajar na kwana 14 kafin a bari ya sake ta ga jama'a. Apple yana karɓar dala 99 duk shekara.

Shafi yana buƙatar abu biyu: adireshi da masauki, wato inda ake ajiye shafin a intanet. Adireshin da ke ƙarewa da .ng ko .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, kuma ana sayensa da naira ta hannun dillalan da ta amince da su, wanda hakan ke raba ka da matsalar dala da aka yi bayani a ƙasa. Masauki kuma, idan shafin bayani ne kawai, GitHub Pages da Netlify suna bayarwa kyauta. Mai sayar da littafin lantarki ko darasin bidiyo ma ba ya buƙatar nasa shafin: Selar, wanda 'yan Nijeriya suka gina, zai karɓi kuɗin ya miƙa wa mai saye kayan da kansa.

Ban iya rubuta manhaja ba. Na haƙura ke nan?

A'a. WordPress yana gina shafi da kanti ba tare da ka rubuta layi ɗaya ba. Glide yana mayar da jadawalin Google Sheets ya zama 'yar manhaja. Figma yana ba ka damar zana yadda abin zai kasance, ka nuna wa mutane a waya su danna, ka ga inda suke rikicewa kafin ka biya kowa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna taimakawa wajen gyara wasiƙa da rubuta ƙananan umarnin kwamfuta, sai dai duk abin da ya shafi kuɗin mutane kada ka sake shi ba tare da wanda ya iya ya duba ba.

Idan koyo kake so, freeCodeCamp da darasin CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne. Akwai kuma shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horas da matasa miliyan uku. Ɗalibi mai shaidar makaranta ya nemi ƙunshin ɗalibai na GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, akwai kayan aiki da dama a ciki da ake ba shi kyauta.

Zan ba wani ya gina mini. Me zan kiyaye?

Nan ne na fi ganin mutane suna kuka. Ka sayi adireshin shafinka da kanka, da sunanka, da imel ɗinka, da lambar wayarka. Haka masaukin, haka asusun Google Play, haka shafukan Facebook da Instagram: kai ne mai gida, shi kuma ka ba shi izinin shiga ya yi aiki. Rubutun manhajar ma a riƙa ajiye shi a asusun GitHub naka, ba a kwamfutarsa kaɗai ba.

Ya taɓa faruwa da ni. Wani yaro mai hazaƙa ya gina mini shafi, ya yi rajistar komai da sunansa "don a yi sauri", ni kuma ban ga aibun hakan ba. Bayan shekara ya bar gari, lambarsa ta daina shiga, wa'adin adireshin ya ƙare. Na wayi gari shafin ba ya buɗewa, ga katunan talla da na buga da adireshin a jiki suna hannun mutane. Ba mugunta ya yi mini ba, rayuwa ce ta ja shi wani wuri, amma asarar ɗaya ce. Tun daga nan nake raba biyan aiki gida uku: kafin alƙalami, da bayan na ga abin yana aiki a wayata, da bayan an miƙo mini dukkan kalmomin sirri na canza su. Abin da aka yi magana a kai kuma a rubuta shi, kamar yadda za ka gani a ƙasa a amsar farawa tare da aboki.

Ta yaya zan riƙa karɓar kuɗi?

Mataki na farko, ware asusun sana'a daban da na cefane. Wanda ya haɗa su ba zai taɓa sanin ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutanenmu suka saba da tura kuɗi ta waya, har mai shayi yana da lambar asusu a jikin teburinsa, don haka Moniepoint ko OPay ko asusun banki ya isa a farko. Kada ka saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon tes. Buɗe manhajarka ka ga kuɗin ya zauna. Alat na bogi ya durƙusar da masu sana'a da yawa.

Idan oda ta yi yawa har ka fara rikicewa da wa ya biya, sai ka koma Paystack ko Flutterwave. Suna ba ka mahaɗin biya da za ka tura wa mai saye, kowane biya ya zo da suna da lokaci. Paystack yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a biyan cikin gida, yana yafe naira 100 ɗin idan kuɗin bai kai naira 2,500 ba, kuma abin da yake cirewa ba ya wuce naira 2,000. Ka saka wannan cikin farashinka tun farko.

Yaushe zan yi rajista da CAC, kuma wace iri?

Ka yi idan an fara biyanka a kai a kai, ko kana son asusun banki da sunan sana'a, ko za ka nemi kwangila ko tallafi. Ana yi ta shafin CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta Nijeriya, kuma mutum yana iya yi da kansa idan yana da lambar NIN. Rajistar sunan kasuwanci ta fi araha da sauƙi, ta dace da sana'ar gefe, amma a idon doka kai da sana'ar abu ɗaya ne: idan ta ci bashi, dukiyarka ake bi. Rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa tana raba ka da kamfanin, tana ba ka hannun jarin da za ka iya rabawa, kuma ita masu zuba jari suke nema. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya yana iya kafa irin wannan kamfani, ba sai ya nemo na biyu ba.

Abin da ake mantawa shi ne rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa hukumar. Wanda ya bari ya taru, tara ce za ta tarar da shi ranar da yake gaggawar neman wata takarda. A Jamhuriyar Nijar kuma, Maison de l'Entreprise ce ke karɓar masu kafa kamfani.

Rajistar CAC ta wadatar, ko akwai wasu takardun?

Ya danganta da abin da kake sayarwa. Abinci na cikin leda ko kwalba, da man shafawa, da ruwan sha, da magani, duk suna buƙatar lambar NAFDAC. Mai yajin daddawa ko kilishi da ke son kayanta su shiga manyan kantuna za ta ci karo da wannan tambaya tun a bakin ƙofa. Duk manhajar da za ta riƙe kuɗin mutane, ko ta adashi ce, ta shiga hurumin Babban Bankin Nijeriya, don haka sababbin kamfanoni kan jingina da wani mai lasisi maimakon su riƙe kuɗin da kansu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta hau kan duk mai tara sunaye da lambobin waya: ka karɓi abin da kake buƙata kawai, kada ka sayar ko ka raba. Sunan kaya da tambari ana kare su ne a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki, rajistar CAC ba ta yin wannan aikin.

Haraji kuwa, ƙananan kamfanoni suna da sassauci tun dokar kuɗi ta 2019, kuma an sake fasalin dokokin haraji a 2025. Sassauci bai ɗauke maka miƙa bayanan shekara ba. Zama ɗaya da akanta zai fi maka jita-jitar zaure.

Kayan aiki da yawa da dala ake biya. Ya zan yi?

A 2022 bankuna da dama sun dakatar da biyan ƙasashen waje da katin naira, wasu suka dawo da shi a 2025 da iyakar abin da za a kashe. Ka tambayi bankinka iyakarsa. Wasu suna amfani da katin dala na cikin manhaja. Idan za ka yi haka, zuba abin da za ka biya a lokacin kawai, kada ka mayar da shi asusun ajiya.

Shawarar da ta fi wannan ita ce ka rage abin da kake biya da dala tun asali. Kuɗin shigarka naira ne, kuma duk faɗuwar darajarta sai ta ƙara maka tsadar abin da ka ɗaura wa kanka duk wata. Zauna a matakin kyauta na Firebase ko Supabase (masu ajiye wa manhaja bayananta) ko Canva har sai ya yi maka kaɗan. Duk farkon wata ka duba abin da ake cire maka, ka soke wanda ba ka taɓa ba.

Ina zan samu jari, musamman ni da ba na son kuɗin ruwa?

Jarin da ya fi kowane albarka shi ne kuɗin abokin ciniki: ka karɓi oda da rabin kuɗi, ka yi aikin da shi. Bayansa sai tanadinka, sai adashi, sai 'yan uwa. Idan ɗan uwa zai ba ka kuɗi, ku fayyace tun a zaune ko kyauta ce, ko rance, ko jari, domin kowannensu hukuncinsa daban ranar da aka yi asara.

Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna nan: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Abin da suka fi yi wa ƙananan 'yan kasuwa shi ne murabaha, wato su sayi injin ko kayan da kake buƙata su sayar maka da ribar da aka sani, ka biya a hankali. Za su nemi takardun rajista da tarihin shige da ficen asusunka, shi ya sa na matsa a kan ware asusu a amsar karɓar kuɗi. Sayar da hannun jari ga mai zuba kuɗi kuma ya fi kusa da musharaka, a ci riba tare a ɗauki asara tare, amma ka kai takardar wurin malami masanin mu'amala da kuma lauya, domin wasu yarjejeniyoyin rance ne mai ruwa da ke rikiɗewa ya zama hannun jari daga baya.

Tallafin da ake ta tallatawa fa, gaskiya ne?

Akwai na gaskiya. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take ba waɗanda ta zaɓa horo da dala 5,000 da ba a mayarwa, tana buɗe neman shiga ranar 1 ga Janairu a shafinta na TEFConnect. SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da Bankin Masana'antu suna da shirye-shiryen ƙananan sana'o'i. Dokar sababbin kamfanonin fasaha ta Oktoban 2022 ta tanadi wata shaida da ake nema ta hannun NITDA (hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa), mai buɗe ƙofar sassaucin haraji da wasu damammaki. Sharuɗɗanta sun haɗa da kamfanin ya zama mai iyakantaccen alhaki, bai wuce shekara 10 da rajista ba, aikinsa na fasahar zamani ne, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa yana hannun 'yan Nijeriya da suka kafa shi.

Na ƙarya sun fi yawa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko ka turo lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta tes, ɓarawo ne. Abin da ke damuna kuma shi ne matasan da suka mayar da cike fom sana'a, shekara ta zagayo ba su sayar wa ko mutum ɗaya komai ba. Masu tantancewa ma abin da suke fara tambaya shi ne nawa ka sayar.

Akwai wuraren da zan je in haɗu da masu irin wannan aiki a Arewa?

Akwai. CoLab a Kaduna, wanda Sanusi Isma'ila ya kafa a 2016. Startup Kano da Blue Sapphire Hub da CITAD a Kano. nHub a Jos. Ventures Park a Abuja. CIPMEN a Yamai. Ƙungiyoyin GDG, na masu gina manhaja da kayan aikin Google, suna shirya taruka a garuruwa da jami'o'i da dama. Wuta da intanet da za ka samu a waɗannan wurare alheri ne, amma babbar ribar ita ce mutumin da ke teburin kusa da kai, wanda ya riga ka faɗawa ramin da kake dosa.

Ni ma'aikaci ne. Ya halatta in yi sana'ar gefe?

Idan na gwamnati ne mai cikakken lokaci, ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ta hana shi gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Wannan magana ce ta doka, a nemi shawarar lauya kafin a sa suna a matsayin darakta. Ma'aikacin kamfani kuma ya karanta takardar ɗaukarsa aiki, domin wasu sun rubuta cewa duk abin da ka ƙirƙira da kayansu ko a lokacinsu nasu ne. Kada ka yi aikinka a kwamfutar ofis, kada ka ja abokan cinikin maigidanka.

Ni da abokina za mu fara tare. Sai mun rubuta yarjejeniya alhali mun yarda da juna?

Sai kun rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. Ku rubuta kason kowa, da aikin kowa, da wanda ke da ikon taɓa asusu, da abin da zai faru idan ɗaya ya samu aiki a Legas bayan wata huɗu ya tafi. Masu kamfanonin fasaha suna da wata al'ada mai kyau a nan: hannun jarin wanda ya kafa ba ya zama nasa gaba ɗaya rana ɗaya, yana cika ne a hankali cikin shekara huɗu, kuma wanda ya fita kafin shekara ta farko ba ya tafiya da komai. Wannan yana buƙatar irin kamfanin da aka bayyana a amsar rajista.

Abokan cinikina Hausawa ne, wasu ba sa karatun boko. Me zan yi la'akari da shi?

Rubuta da Hausa mai kyau, da ƙugiyoyinta. Gboard yana da allon Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, kuma ka gwada salon harafin da ka zaɓa a Canva ko a shafinka, domin wasu suna mayar da waɗannan haruffa akwati. Fassarar inji tana taimakawa, amma a sa mutum ya karanta da ƙarfi kafin a wallafa.

Ka ba murya muhimmanci. Da yawa daga cikin masu sayenka saƙon murya za su turo, wasu kuma sai sun ji muryarka a kira kafin su yarda su tura kuɗi, don haka lambar waya ta fito sarai a saman shafi. Manomi mai ƙaramar waya ana isa gare shi ta saƙon tes ko lambobin nan masu farawa da tauraro, kuma kamfanoni irin su Africa's Talking da Termii suna ba da hanyar haɗa irin wannan da manhajarka. Kafin ka saki komai, ari waya mafi araha a gidanku, ka fita bayan gari inda sabis yake sanda ɗaya, ka buɗe shafin ka ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauka. Idan ya wuce goma, koma ka rage nauyin hotunan.